Yadda Ake Zaɓen Jirgin Doguwar Tafiya: Misali Daga Kano Zuwa Gwanzu

Tambayi 'yan kasuwa uku a Kantin Kwari wane jirgi ya fi daɗi zuwa Chana, sai ka ji amsa uku, kowa kuma da rantsuwarsa. Wannan ya ce babu kamar Qatar. Wancan ya ce shi tun da ya fara fita Ethiopian yake hawa, bai taɓa nadama ba. Na ukun ya ce EgyptAir ya fi masa sauƙi a aljihu. Babu maƙaryaci a cikinsu. Abin da ya raba su shi ne ba jirgi ɗaya suka hau ba, ko da kamfanin ɗaya ne. Kamfani guda yana da sabon jirgi mai faɗi, yana da tsoho mai matsi. Yana da hanyar da za ka jira awa biyu, yana da wadda za ka kwana a kan benci. Don haka abin da ake kwatantawa ita ce tafiyar kanta: wane jirgi, wace kujera, jiran awa nawa a wane gari, kaya kilo nawa, wa zai saurare ka idan abu ya lalace. Zan bi matakan da misalin Kano zuwa Gwanzu, babban birnin kasuwanci a Chana, amma mai zuwa Landan ko Amurka ma haka zai bi.

Mataki na farko, rubuta hanyoyin da ke gabanka a takarda. Babu jirgin fasinja da ke tashi daga Kano ya dire Gwanzu kai tsaye, dole ka yada zango. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano, hanyoyin da aka fi bi su ne Ethiopian ta Adis Ababa, EgyptAir ta Alƙahira, da Qatar Airways ta Doha, wanda ya fara zuwa Kano a watan Maris na 2022. Idan za ka iya sauka Abuja, akwai Turkish ta Istanbul. Emirates, wanda ya dakatar da zuwa Nijeriya a 2022, ya dawo Legas ranar 1 ga Oktoba 2024. Buɗe Google Flights ko Skyscanner ka sa ranarka, ko kuma ka ce wa ejan ɗinka ya turo maka zaɓi uku a rubuce, kowanne da lambar jirgi da lokacin tashi da na sauka. Kada ka karɓi "akwai na Laraba mai sauƙi" da baki kawai. Ejan mutumin kirki ne, amma farashi yake sayarwa, ba shi zai zauna a kujerar ba.

Ka lura da abu guda a nan. Lambar jirgi ɗaya ba ta nufin ba za a tsaya a hanya ba. Lokacin da Qatar ya buɗe Kano, da Abuja ya haɗa ta, wato jirgin kan taɓa garuruwan biyu a zuwa ɗaya. Irin wannan tsayuwar tana ƙara maka lokaci a zaune, sau da yawa ba tare da an bar ka ka fita ba. Jimillar awannin tafiya za ka duba, daga tashin farko zuwa saukar ƙarshe.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane suka fi tsallakewa, kuma shi ne rabin jin daɗin: gano samfurin jirgin da zai yi doguwar gaɓar. Daga Kano zuwa Adis kusan awa biyar ne, zuwa Alƙahira wajen huɗu. Ko a ƙaramin Boeing 737 aka sa ka, za ka jure. Amma Adis zuwa Gwanzu ya haura awa goma, Doha zuwa Gwanzu wajen takwas. Nan ne jiki ke faɗa maka gaskiya. A shafin sayen tikiti, ƙarƙashin kowace gaɓa, ana rubuta samfurin: 787, A350, 777, A330 ko A380.

Ga abin da lambobin ke nufi ga mai kujerar ikonomi. Airbus A350 da Boeing 787 duk kujeru tara ne a jere a yawancin kamfanoni, uku-uku-uku. Sai dai cikin A350 ya fi na 787 faɗi da kimanin santimita 12, shi ya sa kujerarsa kan kai inci 18, ta 787 kuwa wajen 17. Inci ɗaya a baki ba komai ba ne. Bari ka yi awa goma kafaɗarka na gugar ta maƙwabcinka ka gani. Boeing 777 da farko tara ake jerawa, daga baya kamfanoni da yawa, ciki har da Emirates, suka mayar da shi goma, uku-huɗu-uku. Jirgi ne babba, amma idan goma ne a jere kujerar ta matse, hanyar wucewa ma ta matse, keken abinci ya riƙa bugun gwiwar hannunka. A330 ya ɗan tsufa, amma yana da wata falala: biyu-huɗu-biyu ne a mafi yawan kamfanoni. Mai tafiya da iyalinsa, ko mace da 'yar'uwarta, su ɗauki biyun gefen taga, babu baƙo a kusa da su.

Akwai wani bambancin da ido ba ya gani. Tsofaffin jirage suna riƙe iskar cikinsu kamar kana kan tudu mai tsayin ƙafa 8,000. A350 da 787, saboda irin kayan da aka ƙera jikinsu da su, suna riƙe ta a wajen ƙafa 6,000, da ɗan danshi fiye da na da. Amfaninsa shi ne ciwon kai da bushewar maƙogwaro da ta ido suna raguwa, ka sauka da sauran ƙarfi. Ga dattijo ko mai hawan jini wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ni dai idan farashi ya yi kusa, A350 nake sa wa gaba, 787 na biye, 777 mai goma a jere a ƙarshe. Ethiopian yana da 787 tun 2012 da A350 tun 2016, shi ne na farko a Afirka da ya samu kowannensu. Qatar da Turkish su ma suna da duka biyun. Amma mallakar jirgi daban, sa shi a hanyarka ranar tafiyarka daban, shi ya sa sai ka duba.

Sannan duba tazarar kujera, wato nisan da ke tsakanin kujerarka da ta gabanka. A ikonomi na doguwar tafiya yawanci inci 30 zuwa 32 ne. Google Flights yakan nuna shi. Dogon mutum kada ya yarda da 30 in akwai 32. Shafin aeroLOPA yana da taswirar kujerun kamfanoni da yawa, har ka ga wadda take daidai taga da wadda bango ne a gefenta.

Kafin ka wuce, nemi wani ɗan rubutu ƙarami da ke cewa "Operated by", wato kamfanin da zai yi jigilar a zahiri. Kamfanoni suna sayar da kujeru a jiragen abokan ƙawancensu. Ethiopian, EgyptAir, Turkish da Lufthansa duk 'yan Star Alliance ne. Qatar da British Airways da Royal Air Maroc suna oneworld. Saudia da Air France da KLM suna SkyTeam. Kana iya sayen tikiti da sunan wani, ka tsinci kanka a jirgin wani, da abincinsa da ma'aikatansa.

Mataki na uku, zango. Jira tsakanin jirage biyu shi ke gyara tafiya ko ya ɓata ta. Ƙasa da awa ɗaya da rabi a babban fili kasada ce: jirgin farko ya makara da minti arba'in, kai ka yi gudu ka samu, jakarka ba ta samu ba. Ga ganina awa biyu zuwa huɗu ya fi: ka yi salla, ka ci abinci, ka miƙe ƙafa. Filayen ma ba ɗaya ba ne. Hamad na Doha, wanda aka buɗe a 2014, yana da masallatai da ɗakunan hutawa masu kujerun kishingiɗa. Sabon filin Istanbul, da aka koma gaba ɗaya a 2019, yana da kyau, amma girmansa ya isa. Daga wata ƙofa zuwa wata tafiya ce sosai, kada ka kai tsohuwa can ba tare da keken guragu ba. Bole na Adis ya fi su ƙanƙanta, ba a shan wahalar nemo ƙofa, sai dai da daddare, lokacin da jiragen Asiya da Turai ke tashi kusan tare, cunkoso yakan yi yawa har wurin zama ya yi wuya. Garin kuma yana kan tudu sama da mita 2,300, da sanyi; ka sa rigar sanyi a jakar hannu ko da daga zafin Afrilu ka fito.

Idan jiran ya yi tsawo, tambayi otal tun kafin ka biya. Ethiopian yana ba masu jiran awa 8 zuwa 24 masauki idan babu jirgin da ya fi kusa. Turkish yana da irin wannan ga mai ikonomi da jiransa ya kai awa 12, shi ma da sharaɗin babu haɗi mafi kusa. Sharaɗin nan shi ne wurin da ake faɗuwa: idan akwai jirgin da ya fi kusa kai ka zaɓi na nesa don arha, otal ɗin ya zama naka. Kuma otal ɗin da ke wajen fili yana buƙatar izinin shiga ƙasar. Ka sa ejan ko ofishin kamfanin su tabbatar maka a rubuce cewa tikitinka ya cancanta, da yadda za a yi da biza.

Maganar biza ta fi zafi ga masu bi ta Turai. Mai fasfon Nijeriya ko na Gana yana buƙatar bizar wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgin ƙasashen Schengen ba, wato ƙasashen Turai masu bizar bai-ɗaya irin su Faransa da Jamus, sai in yana cikin waɗanda aka keɓe, kamar mai ingantacciyar bizar Amurka ko Kanada. Ingila ma tana da nata irin wannan sharaɗi. Tikitin Abuja zuwa wani wuri ta Faris ko Frankfurt yana iya zama mai arha, a hana ka hawa tun a Abuja. Doha da Adis da Istanbul ba sa neman wannan ga wanda zai tsaya cikin fili ya wuce, shi ya sa mutanenmu suka fi bin su.

Kuma kada ka raba tikiti biyu don ka rage kuɗi, in ba dole ba. Idan tikiti ɗaya ne daga Kano har Gwanzu, jirgin farko ya makara, nauyin kamfani ne ya sa ka a na gaba. Idan biyu ne daban, na biyun ya tafi da kuɗinka. Mai tashi daga Abuja ko Legas da ƙaramin jirgin cikin gida daga Kano, gara ya kwana a can.

Mataki na huɗu, kaya, kuma ga ɗan kasuwa wataƙila wannan ne na farko. Tsari biyu ne: wasu tikitoci da adadin jaka ake lissafi, galibi jaka biyu kowacce kilo 23, wasu kuma da jimillar nauyi. Ethiopian ya shahara da jaka biyu masu kilo 23 a ikonomi. Amma kamfanoni da yawa yanzu sun raba ikonomi gida-gida, mafi arha da kaya kaɗan, ba a canja rana sai da tara mai nauyi, kujera ma sai ka saya. Abin da ke rubuce a tikitinka shi ne hukunci, ba abin da abokinka ya samu bara ba. A tsarin jaka biyu ba a haɗa nauyi: ɗaya kilo 28 ɗaya 18 ba su zama 23 biyu ba, za a caje ka a kan mai nauyin. Jaka guda kuma ba a karɓarta in ta wuce kilo 32, ko nawa za ka biya. Idan ka san za ka dawo da samfurin kaya, duba kuɗin ƙarin jaka na kowane kamfani tun yanzu; saye ta intanet kafin ranar yawanci ya fi arha a kan biya a kanta.

Fawa-bank a jakar hannu yake tafiya, ba ya shiga jakar awo. Wanda kuma zai hau jirgin cikin gida a Sin, misali daga Gwanzu zuwa Iwu, ya sani tun 28 ga Yuni 2025 ba sa barin fawa-bank da ba shi da tambarin CCC, wato shaidar inganci ta ƙasar, a jikinsa.

Yanzu sai lissafi. A ƙarƙashin kowane zaɓi rubuta kuɗin tikiti, ƙara kuɗin kujera, ƙarin jaka, jirgin Abuja in akwai, otal da abincin zango. Sau da yawa wanda ya fi arha a allo shi ke komawa na biyu ko na uku.

Mataki na biyar, abinci da ibada da kula. Qatar, Emirates, Turkish, Saudia da EgyptAir abincinsu na halal ne, ba sai ka nema ba. A kamfanonin Turai da Amurka da na Sin, nemi abincin Musulmi, lambarsa MOML, aƙalla kwana biyu kafin tashi. A duk kamfanin da ba ka tabbatar ba, neman ba ya cin kuɗi. Mai ciwon suga ya nemi DBML, yara CHML. Wani ɗan amfani da ba a faɗa: abincin da aka yi oda shi ake fara rabawa, ka ci ka kwanta kafin layin banɗaki ya taru. Saudia da EgyptAir ba sa raba giya. Sauran suna rabawa, wanda abin ke damunsa ya sa a lissafi. Saudia yana da wurin salla a bayan wasu manyan jiragensa, kuma jiragen ƙasashen Larabawa da dama suna nuna alƙibla a allon kujera. Banɗakin jirgi ba wurin wanke ƙafa ba ne, ruwa a ƙasa yana kayar da mutane. Yi alwala a fili kafin hawa, hukuncin shafa a kan huffi da haɗa salloli kuwa ka ji daga malaminka kafin ka fita.

Idan Baba ko Hajiya za ka tura, kwatancen ya canja gaba ɗaya. Zango ɗaya, jira matsakaici, kujerar gefen hanya kusa da banɗaki amma ba daf da shi ba. Nemi keken guragu tun wajen sayen tikiti: WCHR ga mai iya hawa matakala amma ba ya iya doguwar tafiya, WCHS ga wanda ba ya iya matakala, WCHC ga wanda sai an kai shi har kujera. Kyauta ne, kuma mai turawar shi zai bi da su ta wajen bincike har ƙofar jirgi na gaba, abin da ke da amfani ƙwarai ga wanda ba ya jin Turanci ko Larabci. Mai jariri ta nemi layin gaba mai bango, inda ake maƙala gadon jariri. Kaɗan ne, wanda ya riga nema shi ke samu.

Mataki na shida, bincika hali. Kyaututtukan Skytrax, mai jera kamfanonin jirage bisa inganci, suna ba da haske: Qatar ne ya zo na ɗaya a duniya a 2024 da 2025, Ethiopian kuma ya yi shekaru a jere yana riƙe da na ɗaya a Afirka. Amma hotunan da ake tallar da su na sashen biznes ne, mai gadon kwanciya, kai kuwa a layi na 38 kake. Abin da ya fi wannan amfani: ɗauki lambar jirgin, sa ta a Flightradar24 ko FlightAware, ka ga kwanakin baya. Da ƙarfe nawa ya riƙa tashi a zahiri? Wane samfuri aka riƙa sawa? Jirgin da ke makara awa ɗaya kusan kullum, kuma jiranka a zango awa ɗaya da rabi ne, ka riga ka san labarin. Idan za ka karanta ra'ayoyin matafiya, na hanyarka da ajinka na 'yan watannin nan za ka nema, kuma ƙorafin da ya maimaita kansa za ka kama, ba na mutum ɗaya da ransa ya ɓaci ba. Ka tambayi wanda ya dawo kwanan nan tambaya takamaimai: jakarka ta iso tare da kai? Da aka makara, wa ya yi muku magana? Kamfanin da ke da ofis a Kano ko Abuja inda za ka je ka zauna gaban mutum yana da wani fifiko da ba ya fitowa a farashi. Lokacin baje kolin Canton da ake yi a Gwanzu, a Afrilu zuwa Mayu da Oktoba zuwa Nuwamba, jiragen Gwanzu cike suke, wanda ya rasa haɗinsa ba lalle ya samu kujera washegari ba. A wannan lokacin jira mai ɗan tsawo ya fi.

Bayan ka biya, aiki bai ƙare ba. Ɗauki lambar bukin mai harafi shida, shiga shafin kamfanin da kanka, tabbatar sunanka ya yi daidai da na fasfo harafi da harafi, ka sa lambar wayarka da imel ɗinka a madadin na ejan, don saƙon canjin lokaci ya zo maka kai tsaye. Zaɓi kujera. Gefen hanya ga mai yawan tashi, taga ga mai barci. Guji layin ƙarshe da wanda ke gaban ƙofar gaggawa, sau da yawa ba sa kwantawa baya. Kwana biyu kafin tafiya sake dubawa, domin kamfani yakan canja jirgi, kujerar da ka zaɓa ta koma wani wuri. Katin rigakafin shawara ya kasance tare da fasfo. A cikin jirgi sha ruwa sosai, ka tashi ka taka duk bayan awa biyu saboda daskarewar jini a ƙafa. Gwanzu tana gaban Kano da awa bakwai, kada ka sa ganawar ciniki a safiyar da ka sauka.

In jaka ba ta fito ba, kada ka bar wurin ɗaukar kaya sai ka cika takardar rahoto da ake kira PIR a teburin kamfanin, ka riƙe ɗan tambarin jakar da aka manna maka a Kano. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin fasinjan jirgi, ta ba ka kwana 7 ka kai ƙorafi a rubuce idan jaka ta lalace, kwana 21 idan ta makara, kuma diyyar tana da iyaka, SDR 1,519 (ma'aunin kuɗi na Asusun Ba da Lamuni na Duniya) tun ƙarshen Disamba 2024, wato dala dubu biyu da ɗan wani abu ko ƙasa kaɗan, gwargwadon canji. Kuɗi, wayoyi, magani da takardun ciniki a jakar hannu suke zama. Mai tashi daga ƙasar Tarayyar Turai, ko mai shiga can da kamfanin Turai, dokarsu mai lamba 261 ta 2004 tana iya ba shi har Yuro 600 idan doguwar tafiya ta makara da laifin kamfani. Abin da ya faru a filin Nijeriya kuma, idan kamfani ya ƙi saurarenka, sashen kare haƙƙin matafiya na hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama yana karɓar ƙorafi. Ka je da tikiti, katin shiga jirgi, da rasit ɗin duk abin da ka kashe.